Ruwan Ɗumi a Gidan Alhaji Ladan

Saura kwana uku a 'yanta Shakira daga koyon aiki, Patoro Moustapha, wato maigidan da ke koya mata aikin, ya tura ta garin Jugu ita kaɗai.

A Paraku wanda ya koyi sana'a a hannun wani ba ya tashi haka kawai ya buɗe shago. Sai maigidansa ya yi masa liberasiyo: a kafa rumfa, a dafa shinkafa, a miƙa masa difloma a gaban jama'a, sannan a ce ya zama mutum. Shekara huɗu Shakira ta yi a shagon gyaran kwamfuta na Moustapha, can bayan kasuwar Arzeke, tana shara, tana kwance sukurori, tana shan faɗa. An sa ranar Lahadi. Uwarta Inno ta riga ta raba atamfar anko har Turu, ta kuma gaya wa duk wanda ya tsaya, da wanda bai tsaya ba, cewa 'yarta tana feɗe kwamfuta kamar kaza.

Shi kuwa Moustapha yana da wata doka tasa. Kafin ya saki ɗan koyo sai ya aike shi aikin waje guda. In abu ya gyaru, shi ke nan. In ya lalace a hannunka, ƙarin shekara, ba roƙo ba kuka. An yi wa wani bara, yana nan har yau da tsintsiya a hannu.

"Kwamfutar gidan Alhaji ce," in ji shi, yana kallon bango. "Minti biyar take yi ta mutu. Zafi ne. Ki cire fanka, ki goge, ki sa sabon mai, ki dawo. Ko makaho zai yi."

Alhajin nan kuwa Alhaji Ladan ne, surukinsa, uban matarsa Zinariya. Moustapha da ke cika unguwa da tsawa, in ya shiga gidan nan ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Shi ya sa ya ga gara wani ya je.

Da sassafe zem, wato ɗan acaɓa, ya sauke Shakira a tasha, ta matsu a bayan taksi tsakanin wata mai doya da wani mai kaji, jakar kayan aiki a cinya. Kafin hantsi ya yi zafi sun wuce mararrabar Onkulu, ta sauka Jugu.

Gidan Alhaji Ladan tsohon gidan goro ne, tun kakanni. Yanzu goron ya ja baya, aikin hula da wuyan riga ya karɓi zaure. Ɗansa Bachir ke zana ado a kwamfuta, ita kuma ta aika wa babban keken ɗinki ya zuba zare. Mako biyu ke nan keken na tsaye. A tsakar gida an shanya huluna a kan turame da ƙoƙuna, mata na tsoma wasu a baho suna matsewa. Alhaji na kan kujerarsa a bakin zaure, carbi a hannu, gilashi a ƙarshen hanci.

"Ke ce Moustapha ya turo?"

"Ni ce, Baba." Ta durƙusa.

"To. Shi ƙafarsa ciwo take?"

"Aiki ne ya yi masa yawa, Baba."

"Aiki," in ji Alhaji, ya ja carbi ɗaya.

Ta kunna kwamfutar don ta ɗan yi ɗumi, kamar yadda aka koya mata. Minti huɗu ta mutu. Ta zare wuta, ta kwantar da akwatin, ta buɗe. A tsakiya ga ƙarfen nan mai haƙarƙari da fanka a kansa, wanda ke janye zafi daga firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, 'yar aba mai faɗin akwatin ashana da ke kwance a ƙarƙashinsa. Ƙugiya biyu ke riƙe ƙarfen. Ɗaya lafiya lau. Ɗayar ta karye, an naɗe wurin da zaren ɗinki kore, an ƙulle tsaf, ƙulli irin na mai ɗaure huhun goro.

"Baba, wani ya taɓa buɗe ta?"

"Babu wanda ya taɓa ta."

"Ko wani mai gyara?"

"Na ce babu wanda ya taɓa ta, 'yar nan. Ko a Paraku sai an faɗa sau biyu?"

Ta yanke zaren, ta saki ƙugiyar. Ta kama ƙarfen ta murɗa hagu, ta murɗa dama, a hankali. Ya kamata ya ɗan zame. Ko motsi. Ta sake. Kamar an haife su tare.

Bachir na tsaye a kanta tun ɗazu, yana huci kamar wanda ya hau tudu. Mutum ne mai ƙirji, mai sauri, irin wanda ke buɗe kwalba da haƙori.

"Ƙarfi ne ba ki da shi. Matsa."

"Yaya, kada ka ja sama..."

Ya riga ya ja. Aka ji wani ɗan ƙara, ƙaras, kamar an taka ƙwaro. Ƙarfen ya taso a hannunsa.

"Kin gani? Meye a ciki?"

Shakira ba ta kalle shi ba. Ramin ta kalla. Babu komai a ciki, sai ƙananan huji fiye da dubu, kuma ɗan sandan da ke kulle ƙwaƙwalwar yana nan a kulle. Ta karɓi ƙarfen da hannu biyu ta juya shi. Ga firosesar nan manne a gindinsa, ƙafafunta a sama, siraran allurai masu ruwan zinariya, kowace ba ta kai kaurin gashin doki ba. A kusurwa ɗaya, allurai uku sun kwanta.

In ɗaya ta karye, an gama. Kuma Moustapha ba ya tambayar hannun wa; abin da aka yi a gabanka, kai ka yi.

"A mayar mana haka nan," in ji Bachir, murya ta ɗan sauka.

"Ba ta shiga sai an buɗe sandan nan, kuma ba a rufe shi da ƙarfe a kai. Sai an raba su."

Ta fita bayan zaure ta kira Paraku. Ta faɗi abin da ya faru, ta bar sunan Bachir a waje.

Moustapha ya shiga jero mata umarni.

"Mai ne ya bushe. Ki ɗumama ƙarfen da abin busar gashi, ki kama gefe ki murɗa. In ya ƙi, alkol da zare. Ban da turnabis ɗin kwance sukurori. Ban da wuƙa. Kuma ko guminki kada ya ɗiga a kanta, kin ji ni? Shakira. Gidan surukina ne."

"Na ji, Patoro."

Aka aro abin busar gashi wurin wata mai kitso a maƙwabta, mai kitson kuma ta biyo kayanta, ta zo da ƙawarta. Kafin a jima bakin zaure ya cika da mutanen da ba su da aikin yi. Shakira ta kifa ƙarfen a kan tebur ta hura masa zafi har ya gagari taɓawa. Ta kama gefen firosesar da yatsu huɗu, tana kauce wa allurai, ta murɗa. Yatsunta suka yi fari. Babu. Ta ɗiga alkol, ruwan sifirit na goge na'ura, a tsagar da ke tsakaninsu, ta jira, ta sake ɗigawa. Ya bushe ya barta. Ta sa zare tana ja kamar zarto. Ya tsinke. Ta ninka biyu. Ya tsinke.

"Wai ita ce za a ba difloma jibi-jibin nan," mai kitso ta ce wa ƙawarta, da irin raɗar da ake ji daga ƙofar gida.

Aka kira azahar. Bachir ya dawo daga masallaci da kurfi a hannu, irin na masassaƙa.

"Bugu ɗaya."

"Yaya, don girman Allah."

"Mako biyu keke na tsaye! Ke in kin gama kin hau mota."

Ta sa hannu ta rufe abin. Ya tsaya, ya yi tsaki, ya ajiye kurfin a kan tebur inda za ta riƙa ganinsa.

Sai ta ɗauki ƙarfen ta kai bakin ƙofa wurin haske. Man da ake sa wa firosesa toka-toka ne, in ya bushe yana zama gari. Wannan kuwa da ya ɗan tsatso a gefe ja-ja ne, yana sheƙi kamar gilashi. Ta kankaro ɗan ƙwaya da farce ta shinshina. Ba wari. Ta faki ido ta ɗora a harshe. Ya narke a hankali, ya bar danƙo a leɓenta.

Ta san wannan ɗanɗanon. Ta ɗaga kai ta dubi tsakar gida, inda ake tsoma huluna a baho don su yi tauri su tsaya. Ƙaro.

Ta waiwaya wajen Alhaji. Shi ma ita yake kallo ta saman gilashi, carbin ya tsaya cak a hannunsa.

"'Yata! Zo ki ci abinci, kada ki faɗi mana a zaure a ce mun kashe baƙuwa."

Hajiya Gaji ce, uwargidan Alhaji, gajeruwa mai ƙiba, wadda ta ga komai tun safe ta labulen ɗakinta. Ta ja Shakira ciki, ta tura mata sakwara da miyar gyaɗa, ta sakaya ƙofa. Ba ta ko bari ta wanke hannu ba.

"Kin lasa, na gan ki."

"Hajiya..."

"Ranar da Bachir ya tafi Kotonu sayen zare, abin nan ya fara kuka kwarkwar. Malam mijin nan nawa ya ce ai shi tun kafin a haifi Moustapha yake gyara rediyo. Ya buɗe. Ya ga ƙugiya ta karye, ƙarfe na lilo. Ya ɗaga, ya ga wani abu toka-toka a shafe, ya ce kashin tsaka ne. Wallahi. Ya goge shi tas da gefen zanena. Sai ya ce in kawo masa ƙaro mai kauri, wanda ba a sirka ba. Ya lafta, ya danna, ya ɗora dutsen niƙa a kai har la'asar."

"Dutsen niƙa?"

"Ƙaramin. Ke dai ci abinci." Ta matso. "Amma ban gaya miki ba. Ya rantsar da ni. Ko Bachir bai sani ba. In kika faɗa a gaban mutanen nan, ya ce babu wanda ya taɓa, kin ga kin mai da shi maƙaryaci a ƙofar gidansa."

Shakira ta kai loma ɗaya ta ture kwanon. Zafi ba ya narkar da ƙaro, ƙara masa tauri yake yi. Alkol ma bai san da shi ba. Abin da ke sakinsa ɗaya ne, kowace mace mai wanki ta sani. Kuma shi ne abin da Patoro ya ce ko na jikinta kada ya ɗiga.

"Hajiya, a ɗan ɗumama mini ruwa. Rabin kofi."

Da ta fito da kofin yana tururi, kowa a zauren ya ɗauki magana a lokaci guda.

"Ruwa? A kwamfuta?" Bachir ya riƙe kai. "Ko ni da ban yi shekara huɗu ba na san wannan!"

"Ba ya taɓa allurai, Yaya."

"Wa ya ce ki yi? Moustapha ya ce ki yi?"

Ta ajiye kofin a kan tebur. Ya zaro wayarsa ya saita ta. "To, ki yi. Ina ɗauka. Kada gobe a ce mu ne."

Alhaji ya gyara zama. Bakinsa ya motsa kamar zai ce wani abu, ya fasa.

Ta cire fankar ta ajiye gefe, ya rage ƙarfe tsura. Ta jingina shi a karkace a kan tsumma, yadda duk abin da ya gangaro zai bi ƙarfe ya sauka. Ta kifa marfin roba a kan allurai. Ta zuƙi ruwa a sirinjin da take ɗiga alkol da shi, ta sa ɗigo ɗaya a tsagar. Ɗaya tak. Ta jira. Ta jiƙa zare ta shiga ja a kusurwa, a hankali, gaba da baya.

Minti goma babu abin da ya canja. Gumi ya taru a girarta, ta goge da kafaɗa. Wani ɗigo. Wani zaren. Mai kitso ta gaji ta zauna a dakali. Can zaren ya fito da launin shayi, yana yauƙi. Ya shiga kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

Haka ta bi kusurwa huɗu. Ruwa ya huce aka sake ɗumamawa, Hajiya da kanta ta kawo, tana ajiyewa tana yi wa mijinta wani kallo ta gefen ido. Wuyan Shakira ya ƙage. Sau ɗaya ɗigo ya kauce ya nufi wajen allurai, ta tare shi da bakin mayafinta kafin ya kai. Wani a ƙofa ya ce, "Innalillahi."

Ana kiran la'asar ta ajiye zaren. Ta kama gefe da gefe ta murɗa kaɗan. Wani abu ya amsa mata a ƙarƙashin yatsu, kamar haƙorin da ya fara girgiɗi. Ta koma ɗaya ɓangaren. Sai kawai firosesar ta sulale gaba ɗaya, ta fi saurin da ta zata, ta zame daga yatsunta ta nufi bakin tebur.

A tafin hannu ta tare ta. Allurai a sama.

Hajiya Gaji ce ta fara cewa, "Ayyiriri," can ƙasa-ƙasa, ta kuma kama bakinta.

"Saura," in ji Shakira.

Ta wanke danƙon da jiƙaƙƙen tsumma, ta bi da alkol, ta busar har sau uku. Sannan ta roƙi allurar hannu mafi siranta a gidan. Alhaji ya cire gilashinsa ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ta riƙe shi a kan kusurwar kamar madubin ƙara girma. Ƙafa ta farko ta miƙe. Ta biyu ma. Ta ukun ta kwanta sosai, kuma irin wannan sau ɗaya ake tayar da ita, in ka wuce ka dawo sai ta ɓalle. Ta sa bakin allura a ƙarƙashinta, ta ɗaga kamar mai cire ƙaya a idon jariri. Ta tsaya. Ta ƙara kaɗan. Ta duba layin ta gefe. Ya yi daidai, ko kusa da daidai.

Ta buɗe sandan, ta saita firosesar a kan ramin, ta sake ta. Ba ta zauna ba. Kusurwa ɗaya ta tsaya a sama.

"Danna mana," in ji Bachir.

Ta ɗan girgiza ta da farce. Ta faɗa ciki da kanta, lif.

Sabon mai kamar ƙwayar wake, sabuwar ƙugiya daga jakarta, fanka, wuta. Ta danna. Fanka ta juya. Allo baƙi. Ya daɗe baƙi, har Bachir ya sauke wayar ya buɗe baki. Sai haske ya kawo.

Ba ta bar kowa ya taɓa ba. Minti biyar. Goma. Rabin awa, Bachir ya aika zanen wuyan riga, keken ya ɗauki ƙara, maƙwabta suka watse suna cewa dama sun san za ta iya.

Wayarta ta yi kuka. Bachir ya riga ya tura hoton tun ruwa na tururi.

"Me na gani?" Muryar Moustapha har Alhaji na ji daga kujerarsa. "Me na ce miki? Ruwa, Shakira? A gidan mutane?"

"Ta tashi, Patoro. Tana aiki."

"Ban tambaye ki ba. Sa'a ba sana'a ba ce a shagona. Ba ni dalili ɗaya da ya sa kika sa ruwa. Ɗaya."

Alhaji na zaune taku uku daga ita, ya mayar da gilashinsa, yana duban ƙasa. Bachir na tsaye. Ma'aikata biyu sun kasa kunne.

"Haka na ga ya dace, Patoro."

"Haka kika ga ya dace." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ki gaya wa uwarki ta dakata da cefane."

Da za ta tafi Alhaji ya sa aka ƙunsa mata goro fari guda ashirin a ganye. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya ƙara da, "Hannunki na da sanyi." Iyakar abin da ya iya ke nan. Ta karɓa da hannu biyu. A mota ta jingina kai da gilashi har Paraku, tana juya yadda za ta faɗa wa Inno, matar da ta gayyaci har mai sayar mata da gawayi. Da ta isa ta ce kanta ke ciwo, ta kwanta, ba ta faɗa ba.

Abin da ba ta sani ba, taksinta bai fita Jugu ba Hajiya Gaji ta shige ɗaki da waya. Ai rantsuwar da aka yi mata kan kada ta gaya wa Bachir ne da mutanen gida. Zinariya kuwa ta yi aure, ta Paraku ce. Saƙon murya bakwai ta tura mata, har da kwaikwayon yadda Malam ya ce kashin tsaka. Ta ja mata kunne kada kowa ya ji. Zinariya ta saurara a tsakar gida, da ƙarfi, mijinta na alwala a gefe.

Ranar Juma'a da safe Shakira ta riga kowa zuwa, ta ɗauki tsintsiya. Moustapha ya iso, ya wuce ta, ya zauna, ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta da ba ta buƙatar buɗewa. Ya daɗe yana leƙa cikinta.

"Ruwan," ya ce, bai ɗago ba. "Mai zafi ne ko mai ɗumi?"

"Mai ɗumi, Patoro."

"Da sirinji."

"Da sirinji da zare."

"Hm." Ya juya turnabis a hannu. Gefen bakinsa ya ɗan yi rawa, ya danne dariyar da tari. "Alhaji yana lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ce a gaishe ka."

"Mutum ne mai... yana da son gyare-gyare." Ya yi sauri ya kalli ƙofa, kamar surukin na iya ɓullowa daga Arzeke. "Ba ki ji komai a bakina ba."

"Ban ji ba, Patoro."

"To me kike yi da tsintsiya? Je ki gaya wa Inno mutum goma za su zo daga Jugu, Hajiya ta ce da ita za a yi. A ƙara shinkafa."